Birni Mai Ƙofofi da Yawa, Makaranta Mai Ƙofa Ɗaya



Mai girma shugaban reshe, sakatare da sauran shugabannin ƙungiya, iyayenmu malaman da suka ajiye alli bayan dogon aiki, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, da iyalanmu da suka daure suka zo, muna yi muku barka da zuwa. Muna godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, muna kuma godiya ga shugabanni da suka ba mu wannan dama.

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa malaman firamare da maganar kiredit ɗin sakandare? Amsar ba ta da nisa. Duk yaron da ya zauna jarrabawar kammala sakandare, ta hannunmu ya bi. Mu muka kama hannunsa ya rubuta baƙi na farko. Idan ya yi nasara, a hanya yake tsayar da mu ya gaishe mu. Idan kuma karatun ya tsinke, mu ne muke ganinsa a bakin Kurmi yana jiran dako, ko a kan babur mai ƙafa uku, ya sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Ban da haka, mu ma iyaye ne. Kusan babu gida a cikin gidajenmu da babu ɗa, ko ƙane, ko 'yar riƙo da ke jiran sakamako, ko wanda sakamakon ya fito bai cika ba.

Bari mu fara da labarin wata yarinya da muka koyar a wata makaranta a cikin ganuwa. Tun tana aji huɗu take taya mu duba lissafin 'yan ajinsu. Ta wuce ƙaramar sakandare, ta shiga babba, ta kai zango na biyu a aji biyu. Sai mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ta kwanta jinya, ita ce babba. Ta zauna a gida shekara biyu tana ɗinkin hula tana ciyar da ƙannenta, daga baya aka yi mata aure. Da hankali ya kwanta, mijinta da kansa ya raka ta neman komawa. Inda suka je aka ce babu gurbi, kuma ko da akwai, sai ta koma aji ɗaya, domin ba a ga takardar makinta ba. Shekara huɗu da rabi ta yi a sakandare, amma abin da take iya nunawa bai wuce takardar aji uku na ƙaramar sakandare ba. Ilimin yana kanta, shaidar ce babu. Kowa a wannan zaure ya san irin wannan yarinya, ko irin wannan yaro. Su ne dalilin wannan jawabi.

Mu duba yadda tsarin yake. Ɗalibi yana shafe shekara uku a babbar sakandare, sa'an nan ya zauna jarrabawa a darussa takwas ko tara cikin 'yan makonni, ko ta WAEC, wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999. Sakamako daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, F9 kuma faɗuwa. Jami'o'i suna neman kiredit biyar, kuma galibi sai da Turanci da Lissafi a ciki. Wato wahalar shekara uku an ɗaure ta a ƙafar wata guda. Wanda zazzaɓi ya kayar a wannan wata, ko aka yi masa rasuwa, ko mai ciki da haihuwa ta zo mata, ko wanda kuɗin rajista ya gagara, ya tashi a tutar babu. A nan Kano akwai wani mataki kafin wannan, wato jarrabawar tantancewa da ake yi a aji biyu, wadda da ita gwamnati take zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe. Taimako ne babba ga wanda ya ci. Ɗan talakan da bai ci ba kuwa, sau da yawa a nan karatunsa yake tsayawa.

Wannan birni da muke zaune a cikinsa magabata ba su yi masa ƙofa ɗaya ba. Mai zuwa daga gabas yana da Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa, mai zuwa daga yamma yana da Kabuga da Dukawuya, na arewa yana da Ƙofar Ruwa da Mazugal, na kudu yana da Na'isa da Ɗan'agundi. Kowa ta inda hanyarsa ta ɓullo yake shiga, kuma duk a birni ɗaya ake haɗuwa. Makarantar boko ce muka bar ta da ƙofa ɗaya, mai buɗewa sau ɗaya a shekara.

Kada mu ɗauka sassauci a karatu baƙon abu ne da za a kawo mana daga waje. Dukanmu mun yi makarantar allo. A can ba a cewa duk wanda ya shiga bana sai ya sauke tare da 'yan'uwansa. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Ka biya, malam ya gamsu, ka wanke, a ɗora maka. Wanda ya kai izu ashirin ya tafi noma ko fatauci, idan ya dawo malam zai saurari tilawarsa ya ga abin da ya rage, sa'an nan a ci gaba. Haka abin yake a makarantun zaure, irin waɗanda unguwar Madabo ta yi suna da su tun ƙarnoni da suka wuce. Mutum ya karanta Ahalari a wurin wannan malami, Iziyya da Risala a wurin wancan, nahawu a wani zaure dabam, da asuba kafin kasuwa ko da dare bayan lisha. Ba a tambayarsa shekara nawa ya zauna. Abin da ya iya ake aunawa, kuma da shi ake ba shi izinin karantarwa. Wannan tsari ya fitar da alƙalai da limamai da marubuta tun kafin Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909.

Ƙasashen da muka aro tsarin boko daga irin nasu, su ma sun soma gane haka. A Amurka, tun 1906 ake auna kiredit da sa'o'in zama a aji: sa'a 120 a darasi ɗaya cikin shekara ita ce kiredit ɗaya. Bayan kusan shekara ɗari, a 2005, jihar New Hampshire ta sauya doka, ta ce a riƙa ba da kiredit bisa abin da ɗalibi ya nuna ya iya. A Indiya kuma, tun 1989 gwamnati ta kafa buɗaɗɗiyar makarantar sakandare ta ƙasa. Wanda ya yi rajista yana da shekara biyar, yana iya zaman jarrabawa har sau tara a cikinsu, ya ci darasi ɗaya ko biyu a ajiye masa, har ya cika adadin da ake nema a ba shi takarda. Indiya ƙasa ce mai yawan jama'a da yawan talakawa kamar tamu, saboda haka ba za a ce abin na masu kuɗi ne kaɗai ba.

To, a nan gida fa? Gaskiya ita ce akwai ƙananan ƙofofi, sai dai yawancin iyaye ba su san da su ba, mu ma da yawanmu ba mu ƙware a kansu ba. Bari mu lissafa su.

Ta farko ita ce jarrabawar masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE. Ba sai mutum yana cikin makaranta ba, kuma girma ba ya hana shi. Tun 2018 WAEC take yin ta sau biyu a shekara, ɗaya a farkon shekara, ɗaya a ƙarshenta, kuma daga 2024 ta soma yin ta a kwamfuta. NECO ma tana da tata a watannin Nuwamba da Disamba.

Ta biyu ita ce haɗa sakamakon zama biyu. Yawancin manyan makarantu suna karɓar kiredit biyar daga zama biyu, ko da ɗaya na WAEC ne ɗaya na NECO, in ban da wasu fannoni kamar likitanci da wasu jami'o'i suke neman zama ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, yaron da ya sami kiredit huɗu ya rasa Turanci bai faɗi ba, saura ɗaya ya rage masa. Sau nawa muka ji uba ya ce wa ɗansa ya faɗi, ya tafi kasuwa, alhali darasi ɗaya ne tsakaninsa da kwaleji?

Ta uku ita ce NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci da aka kafa a 1992. Tana jarraba gini, walda, kanikanci, lantarki, ɗinki, ajiyar lissafin kuɗi da makamantansu, tare da Turanci da Lissafi, kuma ana shiga manyan makarantu da takardarta. Tana da jarrabawar 'yan makaranta, tana da ta masu zaman kansu.

Ta huɗu ita ce NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, wadda tushenta yake tun zamanin Sardauna, ta kuma daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ta tsaya da ƙafarta. A garin da kusan kowane lungu yake da Islamiyya ko makarantar hadda, wannan ƙofa ce mai faɗi, domin tana mayar da Larabci da haddar da yaro ya riga ya mallaka su zama maki, tare da darussan zamani.

Ta biyar ita ce Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda gwamnatin marigayi Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ta zama ta farko irinta a Najeriya. Azuzuwanta da cibiyoyinta na mata sun mayar da matan aure da magidanta da yawa kan hanyar karatu. Akwai kuma karatun share fage da cike giɓi a kwalejoji, irin na CAS a nan Kano.

Mu malamai ya kamata mu fi kowa sanin darajar irin waɗannan hanyoyi. Da yawa daga cikin manyanmu da ke zaune a nan da takardar daraja ta biyu suka fara aiki, suka sami NCE ta hanyar Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, suna koyarwa ranakun mako suna karatu Asabar da hutu. Wasunmu ta shekarar share fage muka shiga kwaleji. Da an ce sai hanya ɗaya, da kujeru da yawa a wannan zaure babu kowa a kansu.

Amma waɗannan ƙofofi suna da gyara. Na farko, duk kuɗi ake biya, kuma wanda talauci ya fitar daga aji shi ne mafi ƙarancin iya biya. Na biyu, iyakar haɗawa zama biyu ne, don haka wanda rayuwa ba ta bar shi ya shirya fiye da darasi biyu a shekara ba, ba shi da mafita. Na uku, aikin da ɗalibi ya yi a aji ba ya bin sa. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta kawo tsarin 6-3-3-4, aka ce a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, kuma a jarrabawar WAEC ta 'yan makaranta wannan maki yana ɗaukar kashi 30 cikin 100. Amma idan yaro ya bar makaranta kafin ƙarshe, makin yana zama a cikin kabad har gara ta cinye shi. Na huɗu, abin da yaro ya koya a wajen aji ba ya shiga lissafi.

Bari mu ɗan tsaya a kan na huɗun, domin ya shafi birninmu kai tsaye. A manhajar babbar sakandare da aka soma aiki da ita a 2011 an sa darussan sana'a 34, ciki har da rini, da aikin fata, da ɗinki, da gyaran waya. Muna da marinar Ƙofar Mata mai shekaru fiye da 500, muna da majema da dukawa, muna da teloli da masu ɗinkin hula a kowace unguwa, muna da Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Duk da haka makarantu da yawa suka zaɓi sana'ar da za a iya koyarwa da alli kaɗai, saboda babu kayan aiki. Yaron da yake tashi daga makaranta ya tafi karofi ya yi rini da hannunsa har magariba, ba a taɓa ba shi maki ɗaya a kan haka ba. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta rage darussan sana'ar zuwa shida, waɗanda suka haɗa da ɗinki, da gyaran kwamfuta da waya, da haɗa lantarki mai aiki da hasken rana. Rini da aikin fata ba sa ciki. Amma akwai wata hanya: hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin ba masu sana'a shaidar ƙwarewa mataki-mataki, inda ake zuwa a ga aikin mutum da ido a auna shi, ko da a wurin ubangida ya koya. An gwada haka da masu sana'a na kasuwar Panteka a Kaduna. Abin da ya yiwu a Panteka zai yiwu a Ƙofar Mata.

Mun san akwai masu shakka, kuma shakkarsu tana da tushe. Wasu za su ce sassauci zai zubar da darajar takarda. Muna cewa, sassaucin da muke nema a lokaci ne da wuri da hanya. Ma'auni kuwa ɗaya ne ga kowa. Matar auren da za ta ci Lissafi bana, Turanci baɗi, tambayoyin da aka yi wa kowa su za a yi mata. Wasu za su ce yara za su riƙa barin aji tunda sun san akwai wata hanya. Muna cewa, zama a aji shekara uku a gaban malami shi ne mafi alheri, kuma shi za mu ci gaba da kira a kai. Amma waɗanda muke magana a kansu sun riga sun fita, ba kuma da son ransu ba.

Shakka ta uku ita ce mafi nauyi, kuma mu take nunawa da yatsa. Akwai wata ƙofar da ba mu lissafa ba, wato cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibi amsa a allo. Wannan ɓarauniyar hanya ce, dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta haramta ta, kuma cin amana ce. Iyaye da yawa suna kai 'ya'yansu can ne domin sun ɗauka zama ɗaya ne kawai damar yaro a duniya. Idan muka nuna musu hanyoyin halal, kasuwar waɗancan za ta ragu. Haka kuma makin aji: muddin malami zai zauna a ofis ya cika wa ɗalibi 28 cikin 30 bai taɓa duba littafinsa ba, babu hukumar da za ta yarda ta ƙara wa makin malami nauyi. Duk wani tsari mai sassauci a kan gaskiyar malami yake tsayawa. Idan muna so a amince da alƙalaminmu, sai mu tsare shi tun daga aji ɗaya na firamare.

Saboda haka muna gabatar wa reshe shawarwari biyar.

Ɗaya, kowace makaranta ta sa malami ɗaya ko biyu su tattara sunayen tsofaffin ɗalibanta da karatunsu ya tsinke a sakandare, tare da taimakon masu unguwanni da kwamitin iyaye, a san ajin da kowa ya tsaya da kiredit nawa ya rage masa. Sunayen su zama amana, ba abin yaɗawa ba.

Biyu, reshe ya ware rana ɗaya a wata da iyaye da matasa za su zo ofis da sakamakonsu a duba musu, a faɗa musu jarrabawar da ta dace da su da lokacin rajistarta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Uku, mu nemi izinin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da SUBEB a buɗe azuzuwan yamma da na Asabar a gine-ginen firamarenmu, tare da Hukumar Ilimin Manya da 'yan'uwanmu malaman sakandare, a fara da Turanci da Lissafi, a keɓe wa mata nasu lokaci da malamai mata inda ya samu. A nan dole mu faɗi gaskiya a matsayinmu na ƙungiya: wannan ƙarin aiki ne, kuma ƙarin aiki yana da haƙƙi. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba za a ɗora masa aikin yamma a ce lada kaɗai zai samu ba. A sa alawus ɗinsa a kasafi tun farko, in ba haka ba shirin zai mutu cikin zango biyu.

Huɗu, mu rubuta wa Ma'aikatar Ilimi da hukumar kula da manyan makarantun sakandare muna neman abu biyu: a ba duk ɗalibin da zai bar makaranta takardar makinsa zango-zango mai hatimi, a kuma ba wanda ya dawo damar yin gwaji a sa shi ajin da iliminsa ya kai. Jihar da ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, bai kamata ta rasa wurin da za ta zaunar da wanda ya dawo da ƙafarsa ba.

Biyar, mu miƙa wa uwar ƙungiya ta jiha da ta ƙasa buƙatar a kai gaban Majalisar Ilimi ta Ƙasa maganar tara kiredit darasi-darasi cikin wasu shekaru ƙayyadaddu, da maganar lissafa shaidar sana'a a cikin sakamakon sakandare. Wannan ba aikin shekara ɗaya ba ne, amma sannu ba ta hana zuwa.

Game da yarinyar da muka fara da labarinta, wasu malamai mata biyu sun riƙa zuwa gidanta ranar Asabar, 'yan'uwa suka haɗa mata kuɗin rajista, ta zauna jarrabawar masu zaman kansu ta sami kiredit huɗu. Turanci ne ya rage, kuma tana shirin sake zama. Ita ta dace da waɗanda suka tuna da ita. Akwai ɗaruruwa irinta tsakanin Dala da Gwale da cikin Birni waɗanda babu wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Muna roƙon kowane ɗayanmu, kafin taro na gaba, ya nemo mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya taɓa koyarwa, ya tambaye shi inda ya tsaya, ya kawo sunansa.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a cikin aikinmu da zuriyarmu.